Ƙudan da Harshensa Ya Ninka Jikinsa Huɗu: Tambayoyi da Amsoshi

In aka ce ƙuda, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne naci da ƙazanta. To, a kudancin Afirka akwai wasu ƙudaje da ba ruwansu da juji. Abincinsu ruwan zaƙin da ke can ƙasan fure, kuma an hore musu baki siriri kamar tsinke wanda ya fi jikinsu tsawo nesa ba kusa ba. Tsirrai da dama ba sa yin iri sai ɗaya daga cikin ƙudajen nan ya ziyarce su. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Wane ƙuda ne ake magana a kansa?

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Moegistorhynchus longirostris. Wani masanin ƙwari Bajamushe mai suna Wiedemann ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1819, kuma kashi na biyu na sunan, da Latin, ma'anarsa mai dogon baki. Yana cikin dangin Nemestrinidae, wanda ke da nau'i wajen 300 a duniya. In ka ɗaga fiffikensa ga haske za ka ga jijiyoyin wajen ƙarshe sun sarƙe kamar raga.

Mazauninsa filayen yashi ne na gaɓar yammacin Afirka ta Kudu, daga kusa da Cape Town zuwa arewa. Can ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, wajen Mayu zuwa Agusta. Da ruwa ya ɗauke, furanni suka buɗe, sai ƙudan ya bayyana tsakanin Satumba da Nuwamba, ya yi 'yan makonninsa, ya ɓace sai wata shekarar.

Ƙuda ne na haƙiƙa, fiffikensa biyu. Shi kuwa ƙudan zuma, duk da sunan ƙuda da muka laƙaba masa, fiffikensa huɗu ne, kuma ba danginsu ɗaya ba.

Harshen nasa ya kai nawa?

Ya danganta da inda aka kama shi. A wasu wurare wajen santimita 4 ne, a wasu kuma ya haura 8. Inda ya fi tsawo yakan ninka jikin ƙudan sau huɗu ko fiye. Ka ƙiyasta mutum mai matsakaicin tsawo yana yawo da bututu na mita 7 manne a bakinsa, kuma ta nan kaɗai zai iya shan ruwa. A duk ƙudajen da aka sani babu wanda ya kamo shi.

Wannan bambancin tsawo daga wuri zuwa wuri ka riƙe shi, don shi ne ya ja hankalin masu bincike fiye da tsawon kansa.

Harshe ne da gaske?

A'a, ana dai kiransa haka don sauƙin magana. Sassan bakin ne suka miƙe suka haɗu suka zama siririn bututu. A cikin kan irin waɗannan ƙudaje akwai famfo biyu na tsoka da ke zuƙo ruwan sama. Duk wanda ya taɓa zuƙar abu mai kauri ta siririn bututu ya san wahalar: gwargwadon tsawon bututun da kaurin ruwan, gwargwadon ƙarfin da ake buƙata. Shi ya sa ruwan zaƙin furannin da suke sha tsinkakke ne, sukarinsa yawanci kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Binciken da aka yi a kan wani ɗan'uwansa daga gidan Prosoeca ya nuna cewa masu dogon harshe a cikinsu famfon kansu ma ya fi girma.

To ta yaya yake tashi da wannan doguwar tsiya?

Malam-buɗe-littafi yakan naɗe nasa harshen kamar gammo ya ajiye. Wannan ƙudan ba ya iya naɗewa. Abin da yake yi shi ne ya lanƙwasa shi tun daga tushe, ya mai da shi ƙarƙashin ciki ta tsakanin ƙafafu, ragowar tana jan iska a bayansa kamar wutsiya.

Kallon yadda yake shan fure abin tsayawa ne. Ka fara jin ƙararsa tukuna, siririya mai kaifi. Sai ya zo ya tsaya cak a iska, ɗan nesa da furen, don dole ya bar tazarar da harshen zai juyo. Ya kaɗo harshen gaba. Yanzu aikin da ke gabansa shi ne ya saita bakin tsinken nan, wanda ke can nesa da idonsa, a cikin wata kafa da ba ta fi a zura allura ba, alhali furen na rawa a kan siririn kara. Wani lokaci ya kuskure, ya ja baya, ya sāke. In ya dace sai ya matsa gaba a hankali, harshen yana nutsewa, har kansa ya dafe bakin furen. Yakan kama ganyen furen da ƙafafu, fiffike kuwa bai daina kaɗawa ba. Daƙiƙa kaɗan, ya zare da baya-baya, ya nufi na gaba.

Mece ce barbarar fure, kuma ina ƙudan ya shigo ciki?

Fure yana da sashen namiji da na mace. Na namiji shi ne ke fitar da bununi, garin nan mai laushi da ke manne wa yatsa in ka taɓa cikin fure. Na mace tsinke ne mai danƙo a kai, wanda ke gangarawa zuwa inda iri zai ƙullu. Sai bununi ya sauka a kan danƙon nan sannan tsiro ya yi 'ya'ya, kuma a tsirrai da yawa an fi son bununin ya fito daga wani tsiron daban mai nau'i ɗaya. Tsiro ba ya tafiya, saboda haka sai ya nemi ɗan aike: iska, ko tsuntsu, ko ƙwaro.

Ƙudan nan ba ya cin bununi, bai ma san yana ɗauke da shi ba. Cikinsa kawai ya kawo shi. Amma lokacin da ya cusa kai don ya kai ga ruwan zaƙi, sai bununi ya shafe shi, in ya je fure na gaba ya goga shi a kan danƙon macen. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Me ya sa furen zai ɓoye ruwan zaƙinsa can ƙasa? Ba wahalar da baƙonsa yake yi ba?

Nan ne gundarin maganar, kuma nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Akan ba da labarin ƙudan da furen kamar wasu masoya da aka yi domin juna. Ni a ganina ciniki ne tsakanin mutum biyu da kowa ke neman ya ci ribar ɗan'uwansa.

Duba ta ɓangaren furen. Sassan namiji da na mace suna bakin maƙogwaronsa ne, wato siririn bututun furen, ruwan zaƙi kuwa yana ƙasa. In harshen ƙudan ya fi maƙogwaron tsawo sosai, zai tsaya daga nesa, ya zura, ya shanye tas, ya tafi, jikinsa bai taɓa komai ba. Furen ya yi asara: ya ciyar, ba a yi masa aiki ba. Furen da maƙogwaronsa ya ɗan fi harshen zurfi kuwa, shi ne zai tilasta wa ƙudan ya danna kai har ƙarshe, ya kwashi bununi, ya kuma sauke wanda ya zo da shi. Irin wannan furen ne zai fi yin iri, 'ya'yansa su gāji zurfinsa.

Yanzu juyo ɓangaren ƙudan. Wanda harshensa ya gaza, ruwan zaƙi ya zame masa wutsiyar raƙumi, sai dai ya lashi na sama ya bar sauran. Wanda nasa ya fi tsawo shi ke ƙoshi. Ke nan furen yana ƙara zurfi don a taɓa shi, ƙudan yana ƙara tsawo don ya kai ƙasa, kowane tsara na ɗora kaɗan a kan na baya. Babu wanda ya nufi taimakon wani a cikinsu, amma tsere ɗin ya ɗaure su wuri guda har ya zama da wuya ɗaya ya rabu da ɗaya.

Abin da ke taka wa tseren burki shi ne tsada. Dogon harshe nauyi ne, yana cin lokaci wajen saitawa, ga iska. Dogon maƙogwaro ma sai tsiro ya kashe ƙarfinsa kafin ya gina shi.

An ce Darwin ya yi hasashen irin wannan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma ba a kan ƙuda ya yi ba. A 1862 aka aika wa Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, wani fure ɗan asalin Madagaska, Angraecum sesquipedale, mai wata siririyar jaka ta ruwan zaƙi da ta kai wajen santimita 30. Ya ce lallai akwai wani malam-buɗe-littafin dare a tsibirin mai harshen da zai kai ƙasanta, kuma ya kawo bayanin tseren nan da muka yi a sama. Wani masanin halittu, Alfred Russel Wallace, ya goyi bayansa a 1867. Darwin ya rasu a 1882 bai ga ƙwaron ba. Sai a 1903 aka bayyana shi, aka ƙara masa laƙabin praedicta, wato wanda aka yi hasashensa. Ganinsa a kan furen ido da ido kuwa sai a 1992.

Matsalar ita ce ƙwaron Madagaska da dare yake fita, a cikin kurmi, kuma ganinsa sai an yi sa'a. Ƙudan Afirka ta Kudu kuwa da rana tsaka yake kiwo, a fili, a kan tsirran da ba su wuce gwiwa ba. Shi ya sa ya zama wurin gwada maganar Darwin.

An gwada ɗin, ko har yanzu hasashe ne?

An gwada. Anton Pauw na Jami'ar Stellenbosch da abokan aikinsa biyu sun wallafa sakamakonsu a 2009. Tsiron da suka yi aiki da shi Lapeirousia anceps ne, mai farin fure da ɗigon ja da dogon maƙogwaro. Sun bar ƙudaje na daji sun ziyarci furanni masu zurfi daban-daban, sannan suka auna abu biyu: yawan ruwan zaƙin da ƙudan ya sha, da yawan ƙwayoyin bununin da furen ya samu. Abin ya fito yadda aka zata. In harshe ya rinjayi maƙogwaro, ƙudan ne ke cin riba. In maƙogwaro ya rinjayi harshe, furen ne. Kuma da suka bi wurare daban-daban, sai suka tarar inda ƙudaje ke da dogon harshe furannin wurin ma masu zurfi ne, inda yake gajere su ma gajeru.

Shekara guda kafin nan, a 2008, Bruce Anderson da Steven Johnson sun nuna irin wannan daidaito a tsaunukan Drakensberg na gabashin Afirka ta Kudu, tsakanin ƙudan Prosoeca ganglbaueri da tsiron Zaluzianskya microsiphon. Can harshen yana kamawa daga wajen milimita 20 zuwa 50, daga wannan tsauni zuwa wancan, furen kuma yana biye da shi.

Ba kowa ne ya yarda cewa tsere kaɗai ke bayyana komai ba, kuma masu ja suna da hujja. Wasu sun ce sau da yawa harshen ya riga ya yi tsawonsa tuntuni, tsiron ne daga baya ya bar tsohon ɗan aikensa ya koma wa mai dogon harshe, ya daidaita kansa da shi. Lutz Wasserthal, wanda ya yi aiki a kan ƙwarin Madagaska, yana ganin dogon harshe hanyar tsira ce daga gizo-gizon da ke laɓe a kan fure, don mai shi na iya sha daga nesa. Su Pauw ma ba su ce duk furannin da ƙudan ke ziyarta suna cikin tseren ba. Sun ce akwai 'yan ƙalilan da ke tsakiyar cinikin, saura kuwa 'yan rakiya ne da suka shigo daga baya suka bi sahu. Wannan ya fi kwanta mini a rai fiye da a ce dalili ɗaya ne ya haifar da komai.

Yaya yake gane furen da zai je wa?

Da ido. Yawancin furannin da ƙudajen nan ke yi wa barbara ba su da ƙamshi, sai launi da alama. Na Moegistorhynchus farare ne, ko ruwan madara, ko ruwan hoda mai haske, da ɗan zane ja a bakin maƙogwaro.

Zanen nan ba ado ba ne. Akwai wani tsiro a kewayen garin Nieuwoudtville da ke yammacin Afirka ta Kudu, Lapeirousia oreogena, mai fure shunayya da fararen alamu shida masu siffar kan kibiya, duk suna nuna ramin tsakiya. Dennis Hansen da abokan aikinsa suka ɗauki baƙar tawada suka shafe kibiyoyin nan a wasu furanni, suka bar wasu yadda suke, suka koma gefe suna kallo. Ƙudaje sun ci gaba da zuwa wajen furannin duka biyu ba bambanci. Amma a kan waɗanda aka shafe, sai ƙudan ya tsaya yana shawagi, ya kasa samun ƙofa, ya haƙura ya wuce. Irin da waɗannan furanni suka yi ya ragu ƙwarai. An wallafa wannan a 2012. Abin mamaki, ƙudan da aka yi gwajin da shi a lokacin ko suna ba shi da shi a kimiyyance. Sai a 2018 aka raɗa masa Prosoeca marinusi.

In ƙuda ɗaya ne ke yi wa tsirrai iri-iri aiki, bununin ba ya cakuɗewa?

Da zai cakuɗe, amma tsirran sun raba jikin ƙudan tsakaninsu kamar gonar gado. Dangin Pelargonium sassan namijinsu ta ƙasa suke lanƙwasowa, saboda haka bununinsu a ƙirji da cikin ƙudan yake sauka. Su Gladiolus da Lapeirousia da yawa ta sama suke sunkuyowa, su shafa masa a ƙeya da gadon baya. Wasu a goshi. Dangin furannin da ake kira okid kuwa, nasu bununin a ƙulle yake cikin 'yan ƙunshi masu danƙo, sai su liƙa shi a jikin harshen. Sashen macen kowane fure yana daidai inda zai taɓa gurbin da danginsa ke ajiya. Ba a rasa ɗan kuskure, amma tsarin yana rage ɓarna sosai.

Har a cikin nau'i ɗaya ma abin na faruwa. A wani wuri kusa da garin Mamre, arewa da Cape Town, Lapeirousia anceps iri biyu ne ke tsirowa gefe da gefe, masu dogon maƙogwaro da masu gajere. A wani bincike da aka wallafa a 2019, Corneile Minnaar da abokan aikinsa sun yi wa ƙwayoyin bununi alama da wasu ƙananan ɗigo masu ƙyalli don su bi sawunsu. Suka ga masu dogo da masu gajere ba wuri ɗaya suke ajiye bununi a jikin ƙudan ba, don haka ba su cika yi wa juna barbara ba duk da suna maƙwabtaka.

Akwai furannin da ke yaudararsa?

Akwai, kuma gwanaye ne. Wasu okid na gidan Disa ba sa yin ruwan zaƙi ko ɗigo. Sai dai su yi kama da maƙwabcinsu mai ciyarwa, a launi da siffa da lokacin buɗewa. Disa nivea tana kwaikwayon Zaluzianskya microsiphon a Drakensberg. Disa pulchra tana kwaikwayon Watsonia lepida. Ƙudan ya zo da yunwarsa, ya zura harshe har ƙasa, bai sami komai ba, ya fita da ƙunshin bununi manne. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Dabarar ba ta ci sai in masu gaskiya sun fi mayaudaran yawa a wurin, in ba haka ba ƙudan zai gane ya daina zuwa.

A kan ɗaya daga cikin mayaudaran nan, Disa draconis, Steven Johnson da Kim Steiner suka yi wani gwaji da aka wallafa a 1997. Sun gajarta jakar bayan furen da gangan, sai barbara ta ragu, 'ya'yan da tsiron ya yi ma suka ragu. Wato ko jakar da babu komai a cikinta, zurfinta na da amfani ga mai ita, don shi ke sa ƙudan ya cusa harshe har inda danƙon zai kama shi.

Yana cizo?

Moegistorhynchus da sauran danginsa ba sa cizo, ba sa harbi, ba sa shan jini. Amma akwai wasu masu dogon harshe daga dangin bobuwa, gidan Philoliche, waɗanda su ma manyan masu barbara ne a yankin. Matansu suna shan jinin dabbobi don ƙwai ya ƙullu. Bakinsu aiki biyu yake yi: dogon sashe na ruwan fure, da gajerun wuƙaƙe a tushe na huda fata. Gane su ba wuya, su harshensu a miƙe yake gaba kamar mashi ko suna cikin tafiya.

Shi kaɗai ne, ko akwai ire-irensa?

Peter Goldblatt na lambun binciken tsirrai na Missouri a Amurka da John Manning na Kirstenbosch a Cape Town sun shafe shekaru suna bin wannan lamari. A bitar da suka fitar a 2000 sun lissafa nau'in ƙudaje wajen 14 masu dogon harshe a kudancin Afirka, da tsirrai fiye da 100 da aka tabbatar sun dogara da su, ban da wasu da yawa da siffar furensu ke nuna haka. Tun a 1908 Rudolf Marloth ya lura da abin, amma sai a shekarun 1990 aka zauna aka yi masa nazari sosai.

Ƙudajen sun raba ƙasa da lokaci. Prosoeca peringueyi yana Namaqualand, yankin arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, yana fita wajen Yuli zuwa Satumba, furanninsa shunayya ne mai ƙarfi ko ja mai duhu da fararen alamu. Moegistorhynchus da wasu Philoliche suna gaɓar yamma da tsaunukan kusa, bayansa kaɗan. Prosoeca ganglbaueri yana tsaunukan gabas har cikin Lesotho, daga farkon shekara zuwa wajen Afrilu, ya fi son ruwan hoda. Stenobasipteron wiedemanni kuwa ɗan kurmi ne, yana bin furanni masu shuɗi mai haske a inuwar itatuwa, irin su Plectranthus.

A wajen Afirka, sanannen misali shi ne Philoliche longirostris na tsaunukan Himalaya, wanda ke yi wa Roscoea purpurea barbara a Nepal. Sai dai babu inda tsarin ya yi rassa kamar kudancin Afirka.

In ya ɓace, ƙudan zuma ba zai karɓi aikin ba?

Harshen ƙudan zuma bai kai santimita ɗaya ba. Maƙogwaron furannin nan yawanci milimita 35 zuwa 60 ne, wasu sun fi haka. Ba zai kai ba. Yana iya zuwa ya kwashi bununi don kansa, wani lokaci a dace ya taɓa sashen mace, amma furen ba a kan jikinsa aka auna shi ba. Malam-buɗe-littafin dare yana da tsawon harshen, sai dai shi ƙamshi yake bi cikin duhu, waɗannan kuwa ba su da ƙamshi.

Tsirran da yawa suna da ƙwanso a ƙarƙashin ƙasa mai kama da albasa, wanda ke sake tohowa duk shekara. Wannan yana ɓoye matsalar. Ana iya shekara da shekaru ana ganin fure a wuri, a ɗauka lafiya lau, alhali tun da ƙudan ya daina zuwa babu sabon iri da ya faɗi ƙasa. Tsofaffi ne kawai ke ta fure har su ƙare.

Yaya ƙuruciyarsa take?

Ba ta da kyan gani kamar girmansa. A nau'o'in dangin Nemestrinidae da aka bi rayuwarsu, tsutsar cikin jikin wani ƙwaro take girma. Uwar tana zuba ƙwai masu yawan gaske, ƙananan tsutsotsi su ƙyanƙyashe su bazama neman masauki, su huda su shiga, su ci mai gidan daga ciki. Wasu fara suke shiga, wasu gwazarmar ƙwaro da ke cikin ƙasa. Wannan na nufin fure kaɗai ba ya riƙe irin waɗannan ƙudaje. Sai an sami ƙasar da ba a dama ba da ƙwarin da tsutsar za ta rayu a cikinsu.

Tun yaushe suke duniya?

Dangin tsoho ne ƙwarai, an sami burbushinsa a duwatsun zamanin da dinoso ke yawo. A Sifaniya ma an tono wani ƙuda mai dogon baki daga wani dangin daban da ya shuɗe, daskare cikin ƙaron itace na shekara wajen miliyan 100, da bununi a jikinsa. Bununin kuwa ba na tsiro mai fure ba ne. Wato ƙudaje sun fara wannan sana'a tun kafin furanni su mamaye duniya.

Me ke yi masa barazana yanzu?

Rashin wuri. Yankin tsirrai na Cape yana da nau'i wajen 9,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 90,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 nasu ba a samunsu ko'ina a duniya sai nan. UNESCO ta sa wasu gandayen yankin cikin wuraren gadon duniya a 2004. Amma yawancin wuraren da aka killace tsaunuka ne, ƙudan nan kuwa ɗan fili ne, kuma fili shi ne abin da kowa ke so. Gonakin alkama da inabi sun cinye ƙasa mai laka, noman dankali da na ganyen shayin rooibos sun shiga yashin, birnin Cape Town yana ta faɗaɗa. Ga kuma itatuwan Acacia da aka kawo daga Ostireliya don su riƙe yashi, suka bazu suka rufe ƙananan tsirrai da inuwa.

Abin da ke saura tsibirai ne na daji a tsakanin gonaki. Ƙaramin tsibiri yana iya riƙe furanni ɗari, ya kasa riƙe ƙudan, tunda shi yana buƙatar furanni iri-iri da za su ciyar da shi daga farkon lokacinsa zuwa ƙarshe, da kuma wurin renon tsutsa. Saboda haka killace tsiro ɗaya da ake tsoron ɓacewarsa bai isa ba in an bar maƙwabtansa masu ruwan zaƙi sun tafi, musamman in shi ɗin mayaudari ne irin Disa da ba ya ciyar da kowa.

Wanda ke son ya gan shi da idonsa fa?

Sai ya daidaita tafiyarsa da watanni. Don Prosoeca na Namaqualand da Nieuwoudtville, Agusta zuwa farkon Satumba, kuma lambun tsirrai na ƙasa na Hantam da ke gefen Nieuwoudtville wuri ne da aka yi bincike da yawa a kansu. Don Moegistorhynchus, filayen yashi na gaɓar yamma wajen Oktoba. Yawan furen kowace shekara ya danganta da ruwan da aka samu a hunturun da ya gabata.

Neman ƙudan kai tsaye ɓata lokaci ne, ya fi ka sauri. Ka nemi furen: siriri, mai dogon maƙogwaro, marar ƙamshi, da alama a baki. Ka zaɓi rana mai ɗumi wadda iska ba ta da ƙarfi, ka zauna ƙasa kusa da inda suka yi cincirindo, kada inuwarka ta faɗa kansu. In akwai shi a wurin, kunnenka ne zai fara sanar da kai.